Malamina ya soke manazartan da na samo a ResearchGate, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu, malamin da ke duba kundina ya bi manazarta tara da jan biro, wai daga ResearchGate na kwaso su, ga lokacin kare kundi ya matso. Wani kuma a zauren WhatsApp na ajinmu ya ce in na biya zai buga mini maƙala a mujallar ƙasa da ƙasa cikin mako guda. Wallahi hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kwantar da hankalinki, gyaran kwana biyu ne.

Abin da bakina ya gaji da faɗa a laburare shi ne ResearchGate ba mujalla ba ce. Dandalin sada zumunta ne na masu bincike da aka kafa a 2008, tsararsa Academia.edu ma haka. Ba edita, ba masanin da ke tantance aiki kafin a ɗora. Farfesa ya ɗora nasa, ɗan aji biyu ya ɗora jingar da ya rubuta daren jiya, duk su fito miki a jere. Wani malami ya taɓa zuwa mini da takardun neman ƙarin girma yana nuna lambar DOI, wai ga shaida an buga. Ina dubawa na ga ta fara da 10.13140/RG, wato dandalin ResearchGate ne da kansa ya ba shi. DOI lambar gano takarda ce kawai, kamar lambar mota, ba ta ce injin lafiyayye ne ba. ISSN, lambar gano mujalla, ma haka take, amma kullum sai an kafa mini hujja da ita.

Ki ɗauki maƙalun nan ɗaya bayan ɗaya, ki nemo sunan mujalla, fitowa ta nawa, da shekara. Ki duba mujallar a DOAJ, AJOL ko Scopus, wato shafukan da ke jera mujallun da ke tantance aiki, sannan ki ambaci mujallar a manazarta. Wadda ba ta da mujalla, ki cire ta. Amfanin dandalin shi ne ki roƙi marubuci ya turo miki cikakkiyar maƙalarsa, da yawa suna turowa.

Shi kuwa dillalin WhatsApp, ki riƙe kuɗinki. Tantancewar gaskiya watanni take ci, ana dawo miki da aiki ki gyara. In kika ba shi ya buga miki, mujallar kirki ba za ta sake karɓar aikin ba, tunda an riga an buga shi. Ki kai sunan mujallar tasa laburaren makarantarku a duba miki kafin ki tura ko sisi.