Tambaya da Amsa: Turereniyar 'Yan Eagles

Tambaya: Malam, ni masoyin ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, Green Bay Packers, ne. Me ya hana NFL, hukumar babbar gasar wannan wasa, haramta turereniyar nan ta ƙungiyar Philadelphia Eagles, wadda ake ingiza ɗan wasansu mai riƙe da ƙwallo, Jalen Hurts, ta baya don cin yadi ɗaya na fili?

Amsa: Ɗan'uwa, ai ƙungiyarka ce ta kai ƙorafin. A watan Mayun 2025 masu ƙungiyoyi suka kaɗa ƙuri'a, 22 suka goyi bayan haramci, alhali ana buƙatar 24 cikin 32. Ni kam na ji daɗi. Dubi yadda 'yan gaban Eagles ke duƙawa, kwalkwali na kusan taɓa ciyawa, kafin a miƙa ƙwallo. Wannan horo ne. Ƙungiyoyi da dama sun kwaikwaya, abin ya gagare su. Amma in aka tabbatar tana jawo raunin wuya, da kaina zan nemi a hana ta.