Tambaya da Amsa: In sayar da gonar gado in koma Maradi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne daga wani ƙauye a yankin Agye, da mata da yara biyu ƙanana. Na gaji ƴar gona daga mahaifina. Maiɗakina na so mu koma birnin Maradi saboda likita da lakwal, ni kuma ina tunanin sayar da gonar in sayi babur in shiga kabu-kabu. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Magana biyu ka haɗa. Komawa birni abin dubawa ne. Sayar da gona kuwa, ban goyi baya ba ko kaɗan.

Ƙasar noma ta yi wuya a jihar Maradi. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki sun yanka shi gamana-gamana, kuma da wuya wanda ya sayar ya sake mallakar wata. Babur yana tsufa, ana sace shi, yana shan mai, ga ƴan kabu-kabu da adaidaita sun cika gari. Sannan cinikin Maradi a rataye yake da iyaka. Da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, sai Disamba na 2020 ta buɗe. A 2023 ma, bayan juyin mulki a Nijar, an sake rufewa har aka yanke wuta. Duk lokacin da haka ta faru, mai neman na yini ne ke fara jin jiki, mai damman hatsi a rumbu kuwa yana da abin da zai jira da shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Amma maiɗakinka na da gaskiya, kada ka ɗauki maganarta son birni. Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ke kayar da yara, daidai lokacin da ruwa ke yanke hanyoyin ƙauye. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, sai dai sau da yawa magani kan ƙare, kuma kyauta ba ta rage nisa. Ka auna da kanka: in naƙuda ta zo da dare cikin damina, awa nawa amalanke zai yi kafin ya kai ta likita? In amsar ta tsorata ka, to ƙaura ta zama dole. Batun lakwal bai kai wannan gaggawa ba, yaranka ƙanana ne, sai sun kai shiga kolej matsalar ke tasowa.

Sai dai barin ƙauye ba lallai ne ya zama Maradi ba. Agye, Gazawa da Tasawa duk suna bakin kwalta, da likita, da kolej, da kasuwa, haya ta fi sauƙi, kuma kana iya zuwa gonarka ka dawo. Mutane na tsallake wannan zaɓi, ni kuwa shi na fi so ga mai ƙananan yara.

In Maradin ce dai, gwada tukuna. Bayan girbi ka tafi kai kaɗai cin rani, ka karɓi babur ɗin wani kana kai masa kuɗin yini. Rubuta abin da ke shigowa, ka cire haya, ruwa, wuta, gawayi da tiyar hatsi ta mutum huɗu. In rani ya wuce lissafin na tsayawa ba tare da ka taɓa rumbu ba, ɗauko iyali. Wajen neman ɗaki ka yi hattara da arha a kwari: ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta sa aka tayar da tsohon gari zuwa tudu, kuma a damina ta 2024 ruwa ya rushe gidaje da yawa a birnin. Tambayi maƙwabta inda ruwa ke kaiwa.

(Da daga ƙauyukan bakin iyaka na Madarunfa ko Gidan Rumji ka rubuto, inda masu satar mutane da shanu ke addabar jama'a, da amsata ta bambanta.)

Gonar kuma ka ba ɗan'uwa aro ko haya, kada ka jinginar. A yi a gaban maigari da shaidu, a rubuta takarda a kwamitin filaye na COFO, a faɗi shekara nawa da dami nawa zai riƙa ba ka. Ka sa a cikin sharaɗi kada ya sare gawo da sauran itatuwan da ka yi rainonsu.