Kifin zaki: ana cinsa ko guba ne?

Tambaya: Malam ina aiki a jihar Florida ta Amurka, abokan aiki suna ta fita farautar kifin nan mai geza da ƙayoyi, kifin zaki, jiya ma sun ba ni guda biyu amma wani ya ce min duk jikinsa guba ne, har yanzu suna firji na kasa taɓawa. In ci ko in zubar?

Amsa: Ɗan'uwa soya abinka ka ci, namansa fari ne tas, ba ƙarni. NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, da kanta take kamfen a riƙa cinsa, don tun da aka fara ganinsa a gaɓar Florida a 1985 yake ta lamushe ƙananan kifin duwatsun murjani, ba wata dabbar ruwa da ke cinsa a can, ga macen kan zuba ƙwai kusan miliyan 2 a shekara. Da wuya ya kama ƙugiya, sai an nutsa da mashi, kuma mai nutso ba zai yi ta wahala ba in babu mai saye. Ba za a ƙarar da shi ba, yana kaiwa zurfin da mutum bai iya zuwa, ragewa kawai ake.

Maganar guba kuwa wallahi na gaji da ita. Dafi ne da shi, a ƙayoyi 18 yake, 13 a gadon baya sauran a ƙasa, bai shiga nama. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne waɗanda suka yarda ana ci sai su ɗauka tunda ya mutu shikenan, su cafke shi da hannu tsirara. A'a, mataccen ma yana harbi, ko ya kwana a firji. Sa safar hannu mai kauri, ɗauki almakashi ka datse ƙayoyin daga tushe kafin wuƙa ta taɓa shi, ka naɗe su a kwali don mai kwashe shara.

In ya soke ka kuma don Allah ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ƙanƙara, duk surutun 'yan na-ji-an-ce ne. Ruwan zafi daidai yadda fata za ta jure, ka tsoma wurin minti 30 zuwa 90. Numfashi ya fara sarƙewa ko kumburi ya ƙi tsayawa, asibiti kai tsaye.

Abu ɗaya dai, wasu yankunan suna da gubar siguwatera da kan taru a jikin kifin duwatsun murjani, wuta ba ta kashe ta, don haka tambayi abokan naka inda suka kamo su.