An haura mini katanga: in kai wa kamfanin inshora, ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi, gidana yana unguwar Zariya. Shekara uku ke nan ina biyan inshorar gida wadda ta haɗa gobara da sata, jika 120 (sefa dubu 120) duk shekara, ban taɓa neman ko dala ba. Daren jiya da aka ɗauke wuta, ɓarayi suka haura katanga muna barci a tsakar gida saboda zafi. Sun ɗauki batirin sola da ke ƙarƙashin rumfa, da butalin gas a bakin madafa, da wayar uwargida da ke kan tebur a falo, ƙofar falon kuwa a buɗe take. Da na haɗa kuɗin da na saye su, jika 235 ne. A takardata an rubuta cewa jika 100 na farko a kaina suke. Wani abokina ya ce kada in kai magana, wai za su ƙara mini kuɗi ko su soke ni. Wani kuma ya ce in haɗa da talabijin a lissafin don abin ya yi kauri. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri, ya tsare gaba. Mun gode masa da abin ya tsaya a kan kaya, babu wanda aka taɓa cikin iyali.

Kafin komai, duba agogo. Nijar tana cikin ƙasashe 14 da ke bin dokar inshora ɗaya, wato dokar CIMA, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. Sashe na 12 na dokar ya ce wa'adin sanar da kamfani asara bai kasa kwana biyar na aiki ba, amma a sata awa 48 ne kawai daga lokacin da ka sani. Ke nan shawarar da za ka yanke ta yau ce ko gobe. Saboda haka, ko za ka nemi diyya ko ba za ka nema ba, yau ɗin nan ku zagaya gidan kai da uwargida, ɗaki ɗaki. A buɗe akwatuna, a duba inda ake ajiye gwal, a duba takardun fili da makullan shago. Na sha ganin wanda ya ce "ai batir ne kawai" ya haƙura, sai ranar biki bayan wata ɗaya matar ta buɗe akwati ta tarar sarƙa da awarwaro ba sa nan. A lokacin wa'adi ya wuce, hujja ta ɓata, magana ta zama ta ja-in-ja. Ka ɗauki hoton inda suka taka a jikin katanga da wayoyin batirin da suka yanke, sannan ka je komisariya ka shigar da ƙara, ka karɓi takardar shaida. Wannan takardar ba don kamfani kaɗai ba ce. In aka kama kayan a hannun wani, ko aka yi aika-aika da layin wayar, ita ce za ta tsaya maka.

Sai mu zo kan abin da ya fi damuna a labarinka, wanda abokanka biyu ba su taɓo ba: shin wannan satar ma tana cikin abin da ka saya? Yawancin kwantiragin inshorar gida da ake sayarwa a ƙasashenmu an ɗinka su ne a kan tsarin gidan Turawa, inda rayuwa duka take bayan ƙofa mai makulli. Suna biyan satar da aka yi ta hanyar fasa ƙofa ko taga, ko haurawa cikin gini, ko makullin jabu, ko ta ƙarfi da barazana. Gidanmu kuwa ba haka yake ba. A tsakar gida ake girki, a nan ake wanki, a nan ake ajiye rabin kaya, kuma daga Afrilu zuwa faɗuwar damina a nan ake kwana, ɗakuna a buɗe don iska ta ratsa. A wurinka tsakar gida cikin gida ne. A wurin kwantiragi da yawa kuwa waje ne, kayan da ke can ba sa cikin lamuni, wato abin da kamfani ya ɗauki nauyin biya, sai an rubuta su musamman. Don haka buɗe takardarka a babin sata, ka karanta kalma kalma ko ka sa wanda ya ƙware a Faransanci ya karanta maka. Nemi inda aka fayyace wuraren da aka lamunce, da inda aka yi sharaɗin rufe ƙofofi da dare. Batirin da butalin gas suna iya faɗuwa a sharaɗi na farko, wayar kuma a na biyu.

Akwai wasu ramukan a wannan babin da ya kamata ka sani tun da ka buɗe shi. Tsabar kuɗi da gwal yawanci suna da iyakar da ba a wucewa, wani lokaci ma sai suna cikin akwatin ƙarfe. Babur ba ya cikin inshorar gida, kuma inshorar dole da ake nuna wa ƴan sanda a hanya ta ɓarnar da ka yi wa wani ce, ba ta biyan sata. Jar akuyar da ke turke ba ta ciki. Hajar kasuwa da ƴan kasuwarmu suka saba jibgewa a ɗaki ɗaya na gida, atamfa ko katan-katan na kaya, ita ma ba kayan gida ba ce. Satar da ɗan gida ya yi ba a biya, ta yaron gida kuma galibi sai ka kai shi ƙara da sunansa, abin da da yawanmu ba ma iya yi saboda kunya da zumunci. Gidan da aka rufe ya daɗe babu kowa, kwana 60 ko 90 gwargwadon kwantiragi, lamunin sata yakan tsaya.

Yanzu mu ɗauka an yarda duk kayan uku suna ciki, mu yi lissafi. Jika 235 da ka faɗa kuɗin saye ne. Sashe na 31 ya ce diyya ba ta wuce darajar kaya a ranar da aka yi asararsu, don haka mai ƙiyasin kamfani zai cire tsufa. Ga misali, ba don lallai haka zai fito ba: batirin da ka saya jika 150 shekara uku da suka wuce a sa shi 75, wayar jika 60 ta koma 30, butalin gas na 25 ya tsaya a 20. Jimla 125. A cire faranshiz ɗinka, wato jika 100 ɗin nan da ke kanka. Abin da zai shigo hannunka jika 25 ne, bayan ka nemo faktir, wato takardar shaidar saye, na kowane kaya, ka yi zirga-zirga, ka jira fayil ya je Yamai ya dawo. In kuma aka fitar da batirin saboda a rumfa yake, ragowar ba ta ma kai faranshiz ba, ba ka da ko dala.

To me za ka iya rasawa a kan jika 25 ɗin? Abokinka na farko yana da gaskiya, ko da yake ya faɗe ta da tsoratarwa. Kowace asara da ka kai tana shiga fayil ɗinka, ko an biya ko ba a biya ba. Idan lokacin sabuntawa ya zo, kamfani yana duba fayil ɗin, yana iya ƙara kuɗin shekara, ko ya ɗaga faranshiz, ko ya sharɗanta ƙarfen taga da mai gadi. A ce an ƙara maka jika 15 a shekara, kafin shekara biyu ta cika abin da ka karɓa ya koma inda ya fito. Batun sokewa ma gaskiya ne, amma da ƙa'ida. Sashe na 23 ya ba kamfani damar soke kwantiragi bayan asara in an rubuta hakan a cikinsa, cikin wata uku da saninsa, tare da ba ka wa'adin wata ɗaya, kuma sai ya mayar maka da kuɗin watannin da suka rage. Kai ma a lokacin kana da damar janye sauran inshorar da kake da su a wurinsa. A abin da na gani cikin aikin nan, asara ɗaya bayan shekara uku lafiya ba ta cika jawo sokewa ba. Maimaici ne ke jawo ta: waya bana, injin ruwa baɗi, batir shekara mai zuwa. Mai irin wannan fayil shi ake kallo a matsayin gidan da ɓarayi suka gane hanyarsa, kuma shi ne zai zo neman lamuni wata rana a ce masa a'a, alhali abin da yake tsoro na gaske gobara ce ko a yashe gidan gaba ɗaya.

Ra'ayina ke nan, Alhaji: in zagayen da za ku yi yau bai tono wani abu mai nauyi ba, kuma lissafinka ya fito kusa da nawa, ka haƙura da neman diyyar nan. Ka sayi batir, ka sa shi a ɗaki mai makulli, ka bar fayil ɗinka da tsabta don ranar da asarar za ta fi ƙarfin aljihunka. In kuwa kun tarar an taɓa gwal ko wani abu da ya kai ninki biyu ko uku na faranshiz, kada ka tsaya shawara da kowa. Rubuta sanarwa yau, ka kai ofishinsu da hannunka, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan kwafinka. Kiran waya ga dillalin da ya sayar maka ba ya zama hujja.

Haƙura da diyya daban, ɓoye gaskiya daban. Duk ranar da aka ba ka takardar tambayoyi, a wannan kamfani ko wani, aka ce an taɓa yi maka sata, ka ce e, ka faɗi yadda aka yi. Sashe na 18 ya ce wanda ya ɓoye ko ya yi ƙarya da gangan a kan abin da zai canza yadda kamfani ke auna haɗari, kwantiraginsa ya ɓaci, kuɗin da ya biya kuma ba a mayar masa.

Shawarar abokinka na biyu kuwa, ina roƙonka don Allah ka yi nesa da ita. Talabijin ɗin da ba a sata ba in ka rubuta shi, ka ci haram, ka kuma sa hannu a kan ƙarya a gaban ƴan sanda. Masu ƙiyasi sun san aikinsu. Za su tambayi faktir, su dubi bangon da aka ce an cire shi, su tambayi yadda aka haura katanga da shi mutane na kwance a tsakar gida babu wanda ya farka. In aka gano, kwantiragi yakan soke haƙƙinka a kan asarar duka, har da ta gaskiyar, kuma maganar tana iya kaiwa kotu. Ɗan kasuwa a garin nan da sunansa yake cin abinci.

Idan sabuntawa ta zo, ka zauna da su da takardar a gabanku. Ka ce a rubuta maka kayan sola da sunansu da inda suke, faranti da batir da inbata, ko da za a ƙara ɗan kuɗi. Ka tambayi matsayin tsakar gida da kwanan waje lokacin bazara, amsar kuma a rubuce. Ka sake duba jimlar darajar kayan da ka bayyana shekara uku da suka wuce, domin sashe na 35 ya ce in kayan gidanka sun kai miliyan 10 ka bayyana miliyan 5, rabin asara za a biya ka, sai in kwantiragi ya faɗi akasin haka. Kuɗin shekara kuma ka biya kafin ranar ta cika, don tun gyaran da aka yi wa sashe na 13 a 2011 lamuni ba ya fara aiki sai an biya. Faktir ɗin sabon batirin, ka ɗauki hotonsa ranar da ka saya, ka tura wa wani ɗan'uwa da ba gida ɗaya kuke ba ya ajiye maka.