Ina fesa magani kullum amma ƙudaje sun ƙi barin gidana

Tambaya: Salamu alaikum likita, daga unguwar Zaria nan Maradi nake. Tun da damina ta faɗi ƙuda ya hana mu sakat, ina yayyafa piya-piya kusan kullum amma da safe sai ka ce ban yi komai ba. Yarona ɗan wata 14 kuma zawo ya ƙi barin shi, uwar mijina ta ce haƙori ne. Ƙudan na da hannu ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lahiya. E, yana iya zama da hannun shi, kuma don Allah a bar jingina zawo ga haƙori, yara da yawa ake kawo mana a makare saboda wannan magana.

Ƙuda ba shi da haƙori, sai ya yi amai bisa abinci ya narkar da shi sannan ya tsotsa. Wanda kika gani bakin kofin kunun yaro, ta yiwu yanzun nan ya taso daga kan kashi ko juji, ya kwaso ƙazanta ga ƙafafu, ya yi amai ya yi kashi nan cikin kofin. Haka yake ɗauko atuni da taifot da zawo, har kwalara yana taimaka mata, ko da yake ita babbar hanyarta gurɓataccen ruwa ne. Akwai kuma wani ƙanƙane mai liƙe wa idon yara da majina, shi ke yaɗa amodari, ciwon da ke makantarwa in an bar shi.

Dalilin da feshin bai yi miki aiki, manya kawai kike kashewa. Mace guda tana zuba ƙwai wajen 100 a lokaci ɗaya, da zafi da danshi irin na yanzu cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya zama ƙuda mai tashi. Ki je garke ki tona ƙarƙashin turken akuya inda taki ya jiƙe, ko inda ake zubar da ruwan wanke-wanke da sauran tuwo, za ki ga farar tsutsa tana motsi, to nan ne masana'antar. A kwashe takin nan aƙalla sau ɗaya a sati a kai gona, a yi wa salanga murhi, kashin yaro kuma ya yi cikin fo a juye salanga nan take, kar a bar shi tsakar gida ana cewa ai na yaro ne ba komai, yana ɗauke da cuta kamar na babba. Abinci a rufe da faifai, a wanke wa yaro fuska da hannu da sabuni.

Piya-piya kuwa guba ce, wallahi raina yana ɓaci in na ga ana yayyafa ta inda yaro ke rarrafe. Ki daina.

Yaron ki kai shi asibiti mafi kusa gobe da safe, za su ba ki SRO, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a ruwa don mayar da ruwan jiki, da maganin zinc na kwana 10 zuwa 14, ki ci gaba da ba shi nono. In kin ga jini cikin kashin, ko idon shi ya faɗa, ko ya kasa shan ruwa, kar ki jira gobe, ki tashi yanzu.