Ramin ma'adinai ya yi ruwa mai launi, a yi ban ruwa da shi?

Wani manomin rani daga wajen Barikin Ladi ya rubuto cewa tsohon ramin haƙar ma'adinai da ke kusa da gonarsa bakinsa ya yi ja kamar tsatsa, ga gansakuka a ciki, abokinsa kuma ya ce tunda akwai abu mai rai ai ruwan lafiya lau.

Malam, abokinka ya bar faɗin abin da bai sani ba. A Sifen akwai kogin Riyo Tinto, inda aka shafe shekaru dubbai ana haƙar tagulla, ruwansa jawur kamar zoɓo, tsaminsa pH 2 (pH ma'aunin tsami ne, ƙaramar lamba ta fi tsami), wato kusan ruwan lemun tsami, kuma cike yake da rai. Dutsen da aka tono mai ƙarfe da farar wuta ne ke haɗuwa da iska da ruwa ya haifi asid, akwai ƙwayoyin bakteriya da ƙarfen nan shi ne tuwonsu, suna ci tsamin na ƙaruwa, har da wata gansakuka koriya shar da ke shimfiɗa abinta a ciki. Jan launi ƙarfe ne, shuɗi-shuɗin da kuke gani a hotunan irin waɗannan ramuka a Facebook kuma tagulla ce ta narke. Su bakteriya da gansakuka wannan gidansu ne, amma tumatirinka pH 6 zuwa 7 yake so. A Zambiya, Fabrairun 2025, madatsar dattin ma'adinan tagulla ta fashe, dattin ya bi kogin Kafue, kifi ya mutu, masara ta ƙone a tsaye.

Ramukan Jos dai na kuza ne, da yawa ana noman rani da su, amma naka da ya canza launi ka gwada tukuna. Takardar gwajin pH ba ta kai kuɗin kwalbar maganin feshi ɗaya ba, wanda kullum kuke zubar da kuɗi a kai. In ta nuna ƙasa da 5, kar ka ja tiyo. Ko ta nuna daidai ka kai ruwan ɗakin gwaji (lab), don dalma ba ta da launi, mun ga abin da ta yi wa yara a Zamfara a 2010.

Wani kuma ya ce tunda maganin feshin tumatir akwai tagulla, ko zai fesa ruwan ramin ya huta da saye? A'a, na kanti an auna shi.

Mai tambayar ko zuba toka zai gyara matsalar: tana rage tsamin ƙasa, ba ta cire dalma.

Hajiya mai tambayar ko tumakinta za su iya shan ruwan ramin, kar su sha ko kaɗan, tagulla taruwa take yi a hantar tunkiya a hankali, sai rana ɗaya ki ga fitsarinta ya yi ja ta kwanta.