Zaɓen fidda gwani a New York: wanda ya cancanta da wanda zai jawo wa kansa

Wani ɗan'uwa mai tuƙin haya a Bronx, wani yanki na birnin New York, ya aiko da tambaya. Ya yi rantsuwar zama ɗan Amurka, ya yi rajistar zaɓe, amma da ya je rumfa ranar fidda gwani sai aka ce ba shi da ƙuri'a a zaɓen jam'iyya. Maiɗakinsa kuma tana da girin kad, an miƙa mata fom na rajistar zaɓe a ofishin lasisin tuƙi. Yana son sanin ko ta cike.

Malam, bari mu fara da na uwargida, domin shi ne mai hatsari. Kada ta cike, kada ta sa hannu. Girin kad izinin zama ne da aiki, bai ba ta ƙuri'a ba. Tun 1993 doka ta wajabta wa ofisoshin lasisi su riƙa tayin rajistar zaɓe, kuma ma'aikacin da ke bayan kanta ba lallai ya duba matsayin mutum ba. A fom ɗin akwai gurbin da ke tambayar ko mutum ɗan ƙasa ne. Wanda ya amsa da e alhali bai zama ba, ko ya kaɗa ƙuri'a, wata dokar shige da fice ta 1996 na iya sa a kore shi daga ƙasar. Ranar da za ta nemi zama 'yar ƙasa, fom na N-400 zai tambaye ta ko ta taɓa yin rajista ko zaɓe. Idan har ta riga ta sa hannu, ta ga lauyan shige da fice kafin ta rubuta wa kowace hukuma. Kada kuma tsohon labari ya ruɗe ku: majalisar birnin New York ta zartar da dokar bai wa masu girin kad ƙuri'a a zaɓen birni a 2021, amma babbar kotun jihar ta soke ta a Maris na 2025.

Naka matsalar mai sauƙi ce. A gida an saba ganin daliget suna fitar da ɗan takara. A nan hukumar zaɓe ce ke shirya fidda gwani, talakawa su zaɓa, kowace jiha da tsarinta. A New York sai wanda ya rubuta sunan jam'iyya a rajistarsa yake shiga nata. Da alama ka bar gurbin fanko, yadda sababbin 'yan ƙasa da yawa ke yi don gudun a ce sun ɗauki ɓangare. Ka sake cike fom ka zaɓi jam'iyya, ya isa hukumar zaɓe kafin 14 ga Fabrairu ta wuce, in kana son shiga zaɓen Yuni na shekarar. Ba kuɗin rajista, kuma a babban zaɓen Nuwamba kana iya zaɓar wanda ka ga dama. A Bronx, inda Dimokurat suka yi kaka-gida, wanda ya ci a Yuni kusan ya gama. Wanda ya jira Nuwamba ya zo an riga an raba nama.

'Yan'uwa na Houston da Atlanta ba su da wannan sharaɗin: a Texas da Jojiya kana zaɓar takardar jam'iyyar da kake so a rumfa, amma ɗaya tak.

Idan an ba ka takardar ƙuri'a, ka juya bayanta. Nan ake jera tambayoyin raba gardama kan gyaran tsarin mulkin jiha, dokokin birni ko cin bashi, kuma mutane da yawa suna fita ba su gan su ba. Waɗannan sukan taɓa aljihu kai tsaye. A Kalifoniya a 2020, ƙuri'ar Proposition 22 ce ta sa direbobin Uber da Lyft suka ci gaba da zama masu zaman kansu maimakon ma'aikatan kamfani. Ka karanta a gida tun kafin ranar, domin wani lokaci e na nufin hana abu ne, ba yarda da shi ba. Ma'aunin ma ya bambanta: a Fulorida sai an sami kashi 60 cikin 100, shi ya sa a 2024 wani gyara ya sami kusan kashi 57 kuma ya faɗi.

Cike gurbi idan ɗan majalisa ya rasu ko ya sauka, shi ma kowa da hanyarsa. Kujerar majalisar wakilai ta tarayya dole sai an yi zaɓe. Ta majalisar jihar New York gwamna ne ke sa rana, shugabannin jam'iyya su tsayar da 'yan takara ba tare da fidda gwani ba, don haka duk mai rajista a mazaɓar yana da ƙuri'a, ko da jam'iyya ko babu. A Maryland kwamitin jam'iyya ke ba da suna, gwamna ya naɗa. Zaɓen cike gurbi yana faɗowa a watan da ba a zato, masu fitowa kaɗan ne, a nan ne ƙuri'un masallatai biyu ko uku suke da nauyi.

Idan tafiya gida ta haɗu da zaɓe, New York na buɗe rumfuna na tsawon kwana tara kafin ranar. Ka yi amfani da su, ya fi dogaro da gidan waya daga Kano ko Damagaram. Wanda Turancinsa bai nuna ba yana da damar zuwa da mai taimaka masa, in dai ba ubangidansa na wurin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadagonsa ba ne. Idan ba a ga sunanka a rajista ba, ka nemi ƙuri'ar rantsuwa ka cike a nan take, hukuma za ta bincika daga baya ta ƙirga in ka cancanta.